Horon Karen Gida: Jagora Ɗaya, Kalma Ɗaya

A Kafanchan da ƙauyukan da ke kewaye da ita, gidaje da yawa suna ajiye kare, wasu don gadi, wasu kuma don farauta, kamar mafarautan duwatsun Kagoro. Amma karen da ba a hora ba ya kan zama abin tsoro ga maƙwabta, ya kan kuma jawo wa mai shi ƙara a gaban hukuma.

Abu na farko shi ne kare ya san wanda yake bi. Mutane da dama sun ɗauka cewa sai da sanda kare ke sanin ubangidansa. Har Turawa ma sun daɗe a kan wannan kuskure, tun daga binciken da Rudolf Schenkel ya wallafa a 1947 a kan kyarketan da aka tsare a gidan namun daji na Basel, inda ya ga suna faɗa a kan shugabanci. A 1999 David Mech, wani masani ɗan Amurka, ya nuna cewa a daji garken kyarkeci iyali ne kurum, uwa da uba ke jagorantar 'ya'yansu. Saboda haka jagoran kare shi ne wanda ke ba shi abinci a kan lokaci, ya fita da shi, ya kuma tsaya a kan doka ɗaya kullum. Duka ba ya haifar da komai sai tsoro, karen da ya tsorata kuwa shi ne mai saurin cizo.

Sai batun magana, wanda ya fi shafar garuruwa irin su Kafanchan. Tun da jirgin ƙasa ya haɗa jama'a a garin, ba abin mamaki ba ne a ji Hausa da Jju da Tyap da Turanci a gida ɗaya. Kare ba ya jin harshe, sauti yake riƙewa. Idan maigida ya ce "zauna", uwargida ta faɗa da Jju, yara kuma da Turancin makaranta, umarni uku ke nan a kunnensa, sai a ce ya cika taurin kai. Wajibi ne iyali su zaɓi kalma ɗaya gajera ga kowane umarni, kowa ya riƙe ta. Haka kuma abin da uba ya hana, kada yaro ya yarda da shi a bayan idonsa.

Da zarar kare ya yi abin da aka ce, a ba shi ɗan guntun nama ko a shafa kansa nan take, domin in aka jinkirta ba zai gane dalilin ladan ba. Minti 5 zuwa 10 sun isa a zama ɗaya. Kwikwiyo ya fi karɓar horo da sabawa da mutane kafin ya cika wata 3.

A wannan wata na 3 ne kuma ake kai shi wurin likitan dabbobi don allurar rigakafin ciwon haukan kare, irin wadda Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom take sarrafawa. Wanda kare ya ciza, ko da karen gidansu ne, ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, sa'an nan ya tafi asibiti a ranar.