YADDA AKE ZAƁEN NA'URAR KATANGAR TSARO DOMIN KAMFANONI DA MASU AIKI DAGA GIDA

A cikin watan Fabrairu na shekarar 1996 babu wani ɗan kasuwa a ƙasar nan da zai yi tunanin ɓarawo zai shiga ofishinsa ta wayar tarho. Shekara 20 bayan haka, wato a watan Fabrairu na 2016, ɓarayi sun kwashe Dalar Amurka miliyan 81 daga asusun Babban Bankin Bangaladash ba tare da sun fasa ko da ƙofa ɗaya ba. Masu binciken 'yan sandan ƙasar sun bayyana cewa bankin ba shi da katangar tsaro a kan layukan kwamfutocinsa, kuma na'urorin da suka haɗa kwamfutocin kwance ne da aka saya a kan kimanin Dala 10 kowace ɗaya.

Wannan darasi ya shafi 'yan kasuwa da manajojin kamfanoni da shugabannin ƙungiyoyi waɗanda ke shirin sayen wannan na'ura. Abin da za a riƙe tun daga farko shi ne, ba na'urar da ta fi tsada ko ta fi suna ake nema ba, sai wadda kamfani zai iya ciyarwa da kulawa har ƙarshen rayuwarta.

Mece ce katangar tsaro?

Katangar tsaro, wadda masana ke kira fayawol, na'ura ce da ake girkawa tsakanin kwamfutocin ofis da layin intanet. Aikinta kamar na Sarkin Ƙofa ne a birni mai ganuwa: duk saƙon da zai shiga ko zai fita sai ya bi ta gabanta, ta duba shi bisa ƙa'idojin da aka gindaya mata, sa'an nan ta ba shi hanya ko ta tsare shi.

Na'urorin farko, na ƙarshen shekarun 1980, adireshi kawai suke dubawa, wato daga ina saƙo ya fito kuma ina ya nufa. A 1994 kamfanin Check Point ya fitar da wadda ke riƙe lissafin kowace tattaunawa, ta yadda ba ta karɓar amsa sai idan wani daga cikin ofis ne ya yi tambayar. Daga 2007, lokacin da kamfanin Palo Alto Networks ya fito da tasa, aka shiga zamanin na'urorin da ke buɗe kaya su ga abin da ke ciki, su gane wace manhaja ce ke magana da kuma wane ma'aikaci ne ke amfani da ita. Yawancin abin da dillalai ke tallatawa a yau na wannan rukuni ne, irin su FortiGate da Sophos da SonicWall da na kamfanin Cisco.

Akwai kuma rukuni mai sauƙin kuɗi. Manhajojin pfSense da OPNsense kyauta ake samun su, ana ɗora su a kan ƙaramar kwamfuta, haka nan na'urorin MikroTik sun yaɗu a hannun masu sayar da intanet a ƙasar nan. Waɗannan suna da ƙarfi ƙwarai, amma abin da aka rage a kuɗin saye sai an biya shi a ƙwarewar wanda zai sarrafa su.

Mataki na ɗaya: a san abin da ake tsarewa

Kafin a kira dillali, ya kamata manaja ya zauna da ma'aikatansa a rubuta amsar tambayoyi huɗu. Na'urori nawa ne ke hawa layin ofis, har da wayoyin hannu da kyamarorin tsaro da na'urorin biyan kuɗi da kati? Mene ne saurin layin intanet ɗin da ake biya? Mutum nawa ne ke bukatar shiga kundin ofis daga gida ko daga reshe? Wane irin bayani ake ajiyewa?

Tambaya ta ƙarshe tana da nasaba da doka. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta wajabta wa duk mai riƙe da bayanan mutane ya ɗauki matakan kare su, kuma ya sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa cikin sa'o'i 72 idan aka yi masa kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. Tarar manyan masu riƙe da bayanai tana iya kaiwa Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa, ta sauran kuwa Naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100. Bankuna da kamfanonin hada-hadar kuɗi suna da ƙarin ƙa'idojin tsaro waɗanda Babban Bankin Nijeriya ya fara fitarwa a 2018. Saboda haka asibiti ko makaranta ko ƙaramin bankin al'umma ba za su yi zaɓi irin na shagon sayar da taya ba.

Mataki na biyu: a karanta adadin da ya dace

A nan ne masu saye da yawa ke ruɗuwa. Kowace na'ura tana zuwa da takardar bayani mai ɗauke da alkaluman sauri iri-iri, kuma adadin da aka fi bugawa da manyan haruffa shi ne na lokacin da na'urar ke duba adireshi kawai. Da zarar an kunna mata binciken ƙwayoyin cuta da gano kutse, sai saurin ya faɗi ƙasa warwas. Alal misali, takardar FortiGate 60F ta nuna gigabit 10 a daƙiƙa a aikin tace adireshi, amma megabit 700 kacal idan an kunna cikakkiyar kariya. Adadi na biyu shi ne na gaskiya ga mai saye, domin saboda wannan kariyar ce ya fitar da kuɗinsa.

Bugu da ƙari, mafi yawan saƙonnin intanet a yau a kulle suke tafiya. Na'urar ba za ta ga abin da ke cikinsu ba sai ta buɗe su ta sake kullewa, wannan kuwa aiki ne mai cin ƙarfi, kuma yana da nasa adadin daban a takardar. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce a zaɓi na'urar da saurinta na cikakkiyar kariya ya ninka saurin layin ofis aƙalla sau biyu, domin a bar wa kamfani filin girma. Idan na'ura ta yi wa ofis kaɗan, ma'aikata za su yi ta ƙorafin jinkiri, daga bisani a kashe binciken domin a samu sauƙi, a bar akwati yana ƙyalla fitila ba ya tsare komai.

Mataki na uku: a yi lissafin shekara biyar

Mai sayen doki ya san ba ranar ciniki ake gama kashe kuɗi ba, akwai harawa da dusa a kullum. Haka wannan na'ura take. Bayan kuɗin akwatin, akwai lasisin da ake sabuntawa kowace shekara ko bayan shekara uku, wanda shi ke kawo sababbin bayanan ƙwayoyin cuta da gyare-gyaren manhaja da taimakon kamfanin da ya ƙera ta. A tsawon shekara biyar, kuɗin lasisi yakan zarce kuɗin akwatin kansa.

Da Dala ake yanke farashin lasisi, ko da dillali ya karɓi Naira. A farkon 2023 Dala ɗaya tana kusan Naira 460 a farashin hukuma, amma zuwa watan Fabrairu na 2024 ta haura Naira 1,500. Ke nan lasisin Dala 1,000 da aka biya Naira 460,000 ya koma sama da Naira miliyan ɗaya da rabi cikin shekara guda. Don haka ya kamata a nemi dillali ya rubuta farashin lasisin shekara ɗaya da na shekara uku da na shekara biyar, a kwatanta.

Har ila yau, a tambayi abin da zai faru ranar da lasisi ya ƙare. Wasu na'urori suna ci gaba da aiki amma ba sa samun sabon bayani, wasu kuwa, kamar na Cisco Meraki a tsarin lasisinsu na asali, sukan daina ba da hanya gaba ɗaya bayan wa'adin kwana 30. A kuma tambayi ranar da masu ƙera na'urar za su daina kula da wannan samfuri. Na'urar kwance da ake samu da araha a kasuwa sau da yawa ta wuce wannan rana, ko kuma tana rajiste da sunan mai ita na farko. Araha ba ta ado.

Mataki na huɗu: masu aiki daga gida

Tun daga ranar 30 ga Maris na 2020, da Gwamnatin Tarayya ta hana fita a Legas da Ogun da Abuja saboda annobar korona, aiki daga gida ya zama ruwan dare a kamfanoni da dama. Hanyar da aka saba ita ce VPN, wato ɓoyayyar hanya da ake shimfiɗawa daga kwamfutar ma'aikaci zuwa katangar ofis. Wajen saye, a duba mutum nawa na'urar ke ɗauka a lokaci guda, da kuma ko ana biyan lasisi daban a kan kowane mutum.

Sai dai wannan hanya ƙofa ce da aka huda a jikin ganuwa, kuma ita ɓarayi suka fi nema. A shekarar 2021 aka shiga kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka da kalmar sirri guda ɗaya ta wani tsohon asusun VPN da ba a rufe ba. Bututun ya tsaya na kwanaki, kuma kamfanin ya biya fansar kimanin Dala miliyan 4.4. Darasin a fili yake: kada a sayi na'urar da ba ta da tabbaci mai hawa biyu, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara da lambar da ke fitowa a wayar ma'aikaci ko wani ɗan makulli na musamman. Kuma ranar da ma'aikaci ya bar aiki, a ranar za a rufe asusunsa.

Haka kuma, kada wanda ya shigo ta VPN ya samu ikon zagaya ko'ina. Akawu ya ga kundin lissafi kawai, mai kula da sito ya ga na kaya kawai. Wannan shi ne tushen tsarin da masana ke kira na rashin yarda da kowa sai an tabbatar, wanda Cibiyar Ma'auni da Fasaha ta Amurka ta fitar da jagoransa a watan Agusta na 2020. Idan kuwa duk ayyukan kamfani a rumbunan intanet suke, irin su Microsoft 365 ko Google Workspace, kuma ma'aikata a warwatse suke, to babban akwati a ofis ba zai amfana da yawa ba. Gara a sayi ƙarami, a zuba ragowar kuɗin wajen kare kwamfutocin ma'aikata da asusunsu.

Mataki na biyar: wa zai kula da ita?

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma katangar tsaro ma tana tsagewa. A watan Mayu na 2019 kamfanin Fortinet ya fitar da gyaran wata ɓaraka a sashen VPN na na'urorinsa, amma masu na'urori da yawa ba su ɗora gyaran ba, har a watan Satumba na 2021 aka watsa sunaye da kalmomin sirri kusan 500,000 da aka tsinta ta wannan ɓaraka. An samu irin wannan matsala a na'urorin Sophos a watan Afrilu na 2020, da na Palo Alto Networks a watan Afrilu na 2024. A farkon 2024 ma hukumar tsaron intanet ta Amurka ta umarci ma'aikatun gwamnatin ƙasar su cire na'urorin VPN na Ivanti daga layi har sai an tsabtace su. Babu kamfanin da ya tsira daga wannan, bambancin kawai shi ne saurin fitar da gyara da saurin ɗora shi.

Saboda haka dole a samu mutum takamaimai, da sunansa a rubuce, wanda zai riƙa bin sanarwar masu ƙera na'urar, ya ɗora gyara, ya duba rahoton abin da aka tsare, ya kuma ajiye kwafin saitin na'urar a wani wuri daban. Kamfanin da ba shi da irin wannan ma'aikaci ya ɗauki hayar ƙwararru a kan yarjejeniya rubutacciya, wadda ta fayyace cikin sa'o'i nawa za su amsa kira. Babbar kalmar sirrin na'urar da rajistar lasisi su kasance da sunan kamfani, ba da sunan dillali ba. Kada kuma a bar shafin sarrafa na'urar a buɗe ga duk wanda ke intanet.

Yanayin ƙasarmu

A ranar 14 ga Maris na 2024 wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, harkokin bankuna da na kamfanoni da dama suka tsaya cik a Nijeriya. Wannan ya nuna amfanin na'urar da ke karɓar layi biyu daga kamfanoni daban-daban, ta koma kan na biyu da kanta idan na farko ya yanke. Daɗin daɗawa, sauyawa tsakanin wutar gari da janareta yana ƙona na'urori, don haka a haɗa ta da batirin ajiyar wuta da na'urar daidaita ƙarfin lantarki, a kuma ajiye ta inda zafi da ƙurar hunturu ba za su dame ta ba. A tambayi dillali kwana nawa ake ɗauka kafin a kawo madadi idan ta lalace, domin duk ranar da katanga ta mutu, intanet ɗin ofis ma ya mutu.

A taƙaice, ƙaramin ofis mai mutum goma zuwa ashirin zai wadatu da ƙaramar na'ura mai lasisin shekara uku da ƙwararren da ke kula da ita. Kamfani mai rassa yana bukatar na'urori iri ɗaya da ake sarrafawa daga wuri guda. Wanda kuwa tsayawar sa'a ɗaya ke jawo masa babbar asara, kamar banki ko asibiti, ya girka guda biyu, ɗaya na jiran ɗaya. Kowane rukuni mutum ya faɗa, kada ya sa hannu a takardar ciniki sai ya ga farashin shekara biyar a rubuce, ya kuma san wanda zai ɗora gyara na gaba.