Darasi: Riƙon Wayar Hannu

'Yan'uwa, a wannan wata za mu yi nazari a kan wayar hannu, babbar nan da a ke shafawa da yatsa. A 2001 aka fara aikin wayar salula ta GSM a Nijeriya. Yau kuwa a Gaya da Ajingi da ƙauyukansu ta shiga gidaje da yawa. Amma sayenta dabam, riƙonta dabam. Gama a cikinta mutum ya ke ajiye kuɗinsa, da sunansa, da asirin gidansa. Wanda ya yi sakaci da ita ya kan yi hasarar abin da ya fi wayar tsada.

1. Sayenta. Waɗansunmu su kan bi hanyar Wudil zuwa Kano, su shiga kasuwar waya ta Farm Centre. Can za su ga Tecno da itel da Infinix, dukansu kuwa na kamfani ɗaya ne na ƙasar Sin, wato Transsion. Kafin mu miƙa kuɗi, bari mu yi lissafi. Waya kamar doki ta ke, kullum sai an ba ta abinci: ga kuɗin data, ga na mai caji. A 2025 ma hukumar sadarwa ta yarda kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Kada mu sayar da hatsin gida domin waya. Idan ta hannu ce, mu nemi rasit, mu danna *#06#. Lamba mai alƙalami 15 za ta fito, sai mu gwada ta da wadda ke jikin kwali. Wanda ya sayi wayar sata, shi ne ya ke ƙarfafa hannun masu ƙwace, waɗanda su ke zub da jinin mutane saboda waya.

2. Kiyaye ta. Babban magabcin batir zafi ne. Kada mu bar waya cikin rana, kada kuma mu yi caji da ita a ƙarƙashin matashi. Caja mai araha ta kan lalata waya mai tsada. Araha ba ta ado. Gilashin kariya da riga ta roba ba su kai kuɗin canja fuskar waya ba. In batir ya kumbura, a daina caji, gama ya na iya kama wuta. In ta faɗa cikin ruwa, a kashe ta nan da nan, kada a sa mata caji, a kai wa mai gyara.

3. Wurin mai gyara. Kafin mu ba shi, mu cire layinmu da katin ajiya. Mu yi ciniki tun da fari, mu ce ya mayar mana da abin da ya cire. Masu gyara da yawa amintattu ne, duk da haka lambar sirri ta banki ba ta cikin abin da su ke bukata. In ya gama aiki da kyau, mu biya shi hakkinsa ba tare da ja-in-ja ba.

4. Manhajoji. Mu ɗauko su daga Play Store, ba daga saƙon baƙo ba. Mu yi hankali da manhajojin ba da bashi: waɗansu su kan kwashe lambobin abokan mutum, ran da ya makara da biya su aika musu da saƙon cin mutunci. Banki ba ya kira ya nemi lambar sirri. Lamba shida da WhatsApp ya kan aiko ba ta kowa ba ce sai mai wayar. Wanda ya karɓe ta zai roƙi 'yan'uwanmu kuɗi da sunanmu. A Disamba 2020 gwamnati ta ba da umurni a haɗa kowane layi da lambar NIN ta mai shi. Saboda haka laifin da aka yi da layinmu, mu za a nema. In waya ta ɓace, mu sa a rufe layin da asusun banki a ranar.

5. Abin da mu ke turawa. Jita-jitar da dā ta kan kwana uku kafin ta kai Ajingi, yanzu ta kan kai kafin a sha ruwa. Kafin mu tura labari, mu tambayi kanmu: gaskiya ne? Wa zai cutu? Iyaye kuma su san abin da 'ya'yansu su ke kallo da dare. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Tambayoyi
1. Nawa gidanku ya ke kashewa a wata a kan data da caji?
2. Me za ku yi da fari in wayarku ta ɓace?
3. Wane tsoho ne kusa da ku wanda za ku karanta wa wannan darasi?