Darasin Uwargida: Idan Wutar Inji Ta Kama, Mota Kuma Tana Karkarwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da iyalan gidansa da sahabbansa baki ɗaya. 

Darasinmu na wannan fitowa a kan mota yake. Da yawa daga cikinmu yanzu mu ke kai yara makaranta da Islamiyya, mu ke zuwa awo da kasuwa, wata ma maigidanta yana aiki a wani gari, mota tana hannunta wata da watanni. To idan wata 'yar wuta mai ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari, mota ta soma karkarwa, sai ka ga ɗayan biyu: ko dai uwargida ta rikice ta miƙa duk kuɗin da bakanike ya faɗa, ko kuma ta kau da kai ta ce Allah zai tsare, har ranar da motar za ta mutu mata a tsakiyar titi bayan magariba da yara a baya. Duka biyun ba su dace ba. Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, sai aka umarce shi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Sanin abin da wannan wuta take faɗa miki yana daga cikin ɗaure raƙuma.

MECE CE WANNAN WUTA?

Motocin zamani suna da wata 'yar kwamfuta da ke lura da aikin inji. Idan ta ga abin da bai yi daidai ba, sai ta ajiye lambar matsalar a cikinta, ta kunna wuta mai siffar inji, ko mai rubutun CHECK ENGINE. Ita ce bakanikai ke cewa "mota ta kawo cek". Duk lokacin da kika murɗa makulli kafin ki tayar, ya kamata ta kama, sannan ta mutu bayan inji ya tashi. Idan ba ta kamawa sam, to ko ƙwan ya mutu ko an cire shi. Ki riƙe wannan ko don ranar da maigida zai sayi mota ta hannu.

Kada ki haɗa ta da jajayen wutar nan biyu: mai siffar buta, wadda ke nuna baƙin mai ba ya zagayawa yadda ya kamata, da mai siffar ma'aunin zafi, wadda ke nuna inji ya yi zafi. Waɗannan idan sun kama kina tafiya, ki sami gefen hanya ki kashe mota nan take.

Ita kuwa wutar cek magana biyu take yi. Idan ta kama ta tsaya cak, kuma mota tana tafiya lafiya, kina iya ƙarasawa gida a hankali, amma a duba ta cikin 'yan kwanaki. Idan kuwa tana ƙyaftawa, tana kamawa tana mutuwa, to matsalar ta yi tsanani. Ki sassauta totur, ki kashe na'urar sanyaya mota, ki nemi wuri mai aminci mafi kusa ki tsaya.

ME KE SA MOTA KARKARWA?

Yawancin ƙananan motocinmu, irin su Corolla da Civic, silinda huɗu gare su. Ki ɗauke su kamar mata huɗu masu daka a turmi ɗaya, kowace tana sauke taɓaryarta a kan lokaci. Da zarar ɗaya ta fasa, kowa zai ji lugude ya ɓaci. A kowace silinda ana haɗa iska da fetur, fistan ya matse su, sai fulogi ya ba da tartsatsi su kama da wuta, ƙarfin wannan ƙonewa shi ke tura mota. Abu huɗu ke nan: iska, fetur, matsi da tartsatsi. In ɗaya ya gaza a wata silinda, sai ta fasa bugunta. Shi ne abin da bakanikai ke kira misin.

Alamominsa su ne: mota tana jijjiga idan kin tsaya a danja, tana fizga ko tana shaƙewa idan kin taka totur, ba ta da ƙarfin hawa gada, salansa yana tari ko warin ɗanyen fetur, kuma mai yana saurin ƙarewa.

Ga inda asarar take. Fetur ɗin da bai ƙone a silinda ba yakan gangara cikin salansa, ya je ya ƙone a cikin wata matata da ke tace hayaƙi, wadda bakanikanmu ke kira indomi saboda ƙananan ramukanta. A cikinta akwai ma'adanai masu tsada irin su filatinom, shi ya sa kuɗinta yake ninka na fulogi sau da yawa. Zafin ya yi yawa sai ta narke ta toshe. Wato gyaran da fulogi ko koyil ɗaya zai gama, sakaci ya mayar da shi babban aiki. Ga kuma tsadar mai tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Allah Ya hane mu almubazzaranci a Suratul Isra'i, aya ta 26 da 27, kuma barin dukiya ta lalace alhali ana iya tare ta bai yi nisa da shi ba.

KAFIN KI BUƊE BONET

Wannan sashe ya fi duk sauran muhimmanci, don Allah a kiyaye.

1. Ki kashe mota, ki zare makulli, ki ja birkin hannu, ki bari inji ya huce.
2. Ki tattare hijabinki ko mayafinki ki soke shi sosai, ki naɗe hannun riga. Bel da fanka ba su san mutum ba, in suka kama bakin hijabi sai abin da Allah Ya yi. A wasu motocin fanka takan tashi da kanta ko da an kashe inji, muddin da sauran zafi.
3. Kada ki buɗe murfin lagireto inji na da zafi, ruwan zai feso ya ƙona ki.
4. Kada ki taɓa koyil ko wayar fulogi inji yana aiki. Wutar da ke bi ta nan dubban bolt ce.
5. Kada ki bar mota tana aiki a rufaffen gareji. A hayaƙinta akwai iska mai guba marar wari da ke kisa, irin wadda ke halaka iyalai idan an kwana da janareta a cikin gida.
6. Yara su koma gefe.

ABIN DA ZA KI IYA DUBAWA A GIDA

Na farko, ki tambayi kanki: yaushe abin ya soma? Idan jim kaɗan bayan shan mai ne, musamman a wurin 'yan bumburutu, to ki zargi man. Gurɓataccen mai ba a jarka kaɗai yake ba. A watan Fabrairun 2022 hukuma da kanta ta sanar cewa an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙa'ida cikin Nijeriya. Idan kuwa bayan ruwan sama ne, ko bayan an wanke inji, mai yiwuwa ruwa ne ya shiga ramin fulogi.

Na biyu, murfin tanki. Idan bai rufu da kyau ba, ko robarsa ta tsage, wutar cek takan kama a motoci da yawa. Ki murɗa shi har ki ji ya yi ƙas. Sai dai ki sani murfin tanki ba ya sa karkarwa, kuma wutar ba ta mutuwa nan take, sai an yi tafiya kamar sau uku kwamfutar ba ta sake ganin matsalar ba.

Na uku, matatar iska. Tana cikin wani baƙin akwatin roba mai maƙalai a gefen inji. Ki ciro ta ki ɗaga ta wajen haske. Idan haske ba ya ratsawa, ƙura ta cinye ta, a canja. Da hunturu kam ba a jiran lokacin sabis.

Na huɗu, ki bi da ido ki ga ko akwai tiyon roba da ya tsage ko ya zare, ko wayar da ɓera ya ci, ko soket da ya saki. Ki duba baƙin mai da sandarsa, ki duba ruwa a farar gorar da ke gefen lagireto.

KARANTA LAMBAR MATSALA

Motocin da aka yi don kasuwar Amurka daga 1996, da masu shan fetur na Turai daga 2001, duk suna da tsarin da ake kira OBD-II. Kusan duk motocin da ake shigo mana da su ta Kwatano da Legas a ciki suke. A ƙarƙashin sitiyari, wajen gwiwar direba, akwai soket mai ramuka 16. A nan ake "sa wa mota kwamfuta". Akwai ƙaramar na'ura mai araha da ake kira ELM327, wadda ake sokawa a nan ta haɗu da wayar hannu ta Bluetooth, a karanta lambar da manhaja irin su Torque. Gida biyu ko uku suna iya haɗa kuɗi su saya, ko reshen ƙungiya ya ajiye guda don mambobi.

Lambobin da suka shafi darasinmu:

P0300: misin a silinda fiye da ɗaya, ko ba a tantance wacce ba.
P0301, P0302, P0303, P0304: misin a silinda ta 1, ta 2, ta 3 ko ta 4.
P0171: iska ta yi wa fetur yawa.
P0420: matatar salansa ba ta aiki yadda ya kamata.
P0455: tururin fetur yana zurarewa, galibi ta murfin tanki.

Ki rubuta lambar a takarda kafin kowa ya goge ta. Kuma ki gane, lamba tana nuna inda ciwo yake ne, ba ta faɗin abin da ya mutu. P0302 ta ce silinda ta 2 ce, amma ko fulogi ne, ko koyil, ko nozul mai fesa fetur, sai an gwada.

GWAJIN MUSAYA

A motoci irin Corolla ta 2003 zuwa 2008, kowace silinda da koyil ɗinta a kan fulogi, ƙusa ɗaya ke riƙe da shi, sufana mai lamba 10 ke kwance ta. Silinda ta 1 ita ce ta gefen da bel yake. Mu ce lamba ta nuna P0302. Inji a kashe kuma a sanyaye, ki zare soket ɗin koyil na 2 da na 3, ki kwance su, ki musanya musu wuri, ki mayar da komai, a goge lambar, a ɗan zagaya unguwa. Idan lamba ta koma P0303, ciwon ya bi koyil, shi za a saya, guda ɗaya tak. Idan ta tsaya a P0302, koyil ba shi da laifi, sai a koma kan fulogi.

Sa'ad da kika ciro koyil, ki leƙa ramin da tocilan. In kin ga baƙin mai kwance, robar murfin inji ce ke yoyo, kuma duk sabon koyil da aka sa zai iya sake lalacewa in ba a canja ta ba. Fitar da fulogi kuwa yana son sufanarsa ta musamman da hannun da ya saba, domin ɗaure shi a karkace yana ɓata zaren inji. In ba ki taɓa yi ba, ki bar wa maigida ko bakanike. Fulogi na yau da kullum ana canja shi wajen kilomita 30,000, mai iridiyom kuwa yana kai 100,000. Littafin motarki ne zai faɗa miki nata.

INDA AIKIN GIDA YA ƘARE

Ki tsaya ki kira bakanike idan wuta tana ƙyaftawa, ko inji yana zafi, ko farin hayaƙi mai kauri yana fita alhali ruwa yana raguwa, domin alamar gasket ce, ko kina jin ƙwanƙwasa daga cikin inji, ko warin fetur a cikin mota. Haka nan in koyil da fulogi sun fita lafiya, saura nozul da awon matsi, aikin gareji ne.

Idan za a je gareji, a tafi da takardar nan: lamba kaza, ta soma ranar kaza, an gwada kaza. Ki ce, "Malam, kafin a sayi komai a gwada a nuna mini." Ki nemi a ba ki tsohon kayan da aka cire. Kada ki yarda a cire kan batir don wuta ta mutu a ce an gyara, ko a cire ƙwan, ko a fasa indomi a zubar ba tare da an gano abin da ya lalata ta ba. Wannan ba munana zato ba ne. Akwai bakanikai masu tsoron Allah da yawa, kuma su ma bayani mai kyau yana rage musu lalube.

Sannan kada ki ɓoye wa maigida don tsoron faɗa. Ki sanar da shi ranar da wutar ta kama, kuma duk abin da za ki taɓa ya zama da saninsa. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, an bayyana mace a matsayin mai kiwo a gidan mijinta, kuma za a tambaye ta abin da aka ba ta kiwo. Mota tana ciki, rayukan da take ɗauka sun fi ta.

AIKIN GIDA

Kafin zaman ta'alimi na gaba, kowace mai mota a gida ta yi abu uku: ta murɗa makulli ta tabbatar wutar cek tana kamawa kuma tana mutuwa, ta nemo soket mai ramuka 16, ta ajiye lambar wayar bakanike amintacce a wayarta da kuma a takarda cikin mota. A kuma bita wa yara addu'ar hawa abin hawa da ke Suratuz Zukhruf, aya ta 13 da 14.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu a gida da hanya, Ya sa albarka a abin da Ya ba mu, amin. Wassalamu alaikum warahmatullah.