Launi da maƙwabcinsa

Wanda ya ratsa unguwar Birni a Zinder, kusa da fadar Sarkin Damagaram, zai ga gidajen ƙasa masu zane a fuskar zaure. Ba mutum aka zana ba, ba doki ba. Siffofi ne kawai: da'ira, mai kusurwa ukku, mai kusurwa huɗu, da layukan da suka sarƙe da juna kamar dagi. Magini yana fitar da su da hannu tun ƙasa tana ɗanya. In ta bushe, a shafa farar ƙasa, ko jar ƙasa, ko shuɗi.

A wasu ƙasashe akwai masu zane da suka bi irin wannan hanya a kan takarda. Ɗaya daga cikinsu shi ne Josef Albers, mutumin Jamus, wanda ya koma Amurka a 1933. Shi ma malamin makaranta ne. Daga 1950 har rasuwarsa a 1976, siffa ɗaya ya riƙe: mai kusurwa huɗu cikin mai kusurwa huɗu, ukku ko huɗu, ƙarami cikin babba. Launi kaɗai yake sakewa. Ya yi ɗaruruwa haka. Da yawa an buga su a takarda, kowane launi da bugunsa, sai na farko ya bushe a ɗora na biyu.

Mi ya sa mutum zai share shekara 26 kan siffa guda? Abin da yake nema ba siffar ba ce. Ya lura launi yana sake kama idan maƙwabcinsa ya sake. Toka-toka a kan fari, duhu yake yi. Wannan toka-tokan dai, a kan baƙi, sai ya yi haske. Fenti ɗaya ne, ido ne ke ganin biyu.

Maginan Birni sun san haka ba tare da littafi ba. Farin layi a kan jan bango, daga nesa ake hango shi. In aka shafe bangon duka da fari, zanen ya kan kwanta, sai rana ta karkata inuwa ta fito da shi. Abin baƙin ciki, gidan da aka bari ba yaɓe, damina kaɗan ta isa ta wanke zanensa.

Aiki

A samo dankali a raba shi biyu. Malam ya yanka mai kusurwa huɗu a fuskarsa, ya zama hatimi. A dama jar ƙasa da ruwa da ɗan ƙaro. A buga hatimin a kan farar takarda, a sake bugawa a kan takardar da aka shafe da gawayi.

Tambayoyi

1. A wace takarda jan ya fi haske?
2. Waɗanne siffofi ne ke jikin zauren da ya fi kusa da makaranta?