Faɗaɗa Injin Babur: Darasi a kan Matsi

Masu babura da yawa sun shiga al'adar sauya wa injinsu silinda da fistan, su sa waɗanda suka fi na asali faɗi, don babur ya ƙara ƙarfi wajen ɗaukar kaya da hawan tudu. 'Yan kasuwa kuwa suna sayar da kayan a haɗe cikin kwali ɗaya, watau silinda, da fistan, da ringi, da gaskit. Wannan ba laifi ba ne. Amma akwai wani lissafi wanda ya kamata mai babur da makanikinsa su sani tun ba a kwance noti ko ɗaya ba, domin rashin saninsa ya kan sa mutum ya ba da kuɗinsa ya sayo wa kansa hasara. Lissafin nan shi ne na matsi.

Injin yawancin babura mai bugu huɗu ne, irin wanda wani Bajamushe, Nikolaus Otto, ya ƙera a 1876. Ga yadda ya ke aiki. Fistan ya sauka ƙasa, ya zuƙo iska gauraye da fetur. Sa'an nan bawul ya rufe, fistan ya taso, ya danne abin da ya zuƙo duka cikin ɗan sararin da ya rage tsakaninsa da kan inji. Nan fulogi ke ba da wuta, fetur ya kama, ya tunkuɗa fistan ƙasa da ƙarfi. Wannan ɗan sarari shi za mu riƙa kira ɗakin wuta. To, in ka ji an ce matsin inji 9 ne bisa 1, manufa ita ce abin da ya cika mudu tara an danne shi ya koma cikin mudu ɗaya.

Da cc a ke auna cikin inji. Cc 1,000 su ne lita guda, ƙaramin cokalin shayi kuwa ya kan ci kamar cc 5. Ƙa'idar lissafin ba ta da wuya. Ka haɗa abin da fistan ke sharewa daga ƙasa zuwa sama da girman ɗakin wuta, sa'an nan ka raba jimlar da girman ɗakin wutan.

Bari mu ɗauki misali da Honda CG125, wanda ya fito a 1975, wanda kuma masana'antun ƙasar Sin suka kwaikwayi injinsa har ya bazu a kasuwanninmu. Faɗin silindarsa milimita 56.5 ne, tafiyar fistan milimita 49.5, abin da ya ke sharewa cc 124. Matsinsa wajen 9 ne, watau ɗakin wuta kamar cc 15.5 ke nan. Gwada ka gani: 124 da 15.5 sun zama 139.5, a raba da 15.5, ya ba da 9.

Yanzu a ce an sa masa silinda mai faɗin milimita 62, aka bar ɗakin wuta yadda ya ke. Ƙarin bai kai milimita 6 ba, ido ma da ƙyar zai rarrabe, amma abin da fistan ke sharewa ya zama cc 149. Haɗa da 15.5, ka sami 164.5. Raba da 15.5, sai ga 10.6. Ka ga ashe ba girma kaɗai aka ƙara wa inji ba, har da matsi, ko da ya ke ba wanda ya nemi haka.

Ƙarin matsi yana da amfaninsa, gama inji ya kan fi tatsar ƙarfi daga fetur ɗin da ya sha. Sai dai duk wanda ya taɓa buga wa keke iska ya san famfo ya kan ɗumama a hannu. Iska in an danne ta zafi ta ke yi. In matsi ya wuce abin da fetur zai iya jurewa, sai ragowar fetur ɗin da ke gefen ɗakin wuta ya fashe da kansa tun harshen wutar fulogi bai iso gare shi ba. Mahayi zai ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani, musamman in ya murɗa mai a kan tudu da kaya. Kada ka raina wannan ƙara. Ita ce ke karya ringi, ta ƙone gaskit, ta zaizaye bisan fistan har wani lokaci ta huda shi.

Mu nan ƙasar abin ya fi tsanani, domin irin wannan inji ba shi da lagireto, iska kaɗai ke sanyaya shi. Matsin da babur zai jure a Jos, inda ƙasa ta ɗaga wajen mita 1,200, iska ba ta da nauyi kuma da sanyi, ba lalle ya jure shi a Sakkwato cikin watan Afrilu ba. Ga kuma zancen mai. Juriyar fetur ga matsi ita a ke aunawa da lambar okten. A dā gubar dalma a ke zuba masa don ya ƙara juriya, dabarar da aka gano a Amurka a 1921, amma an daina saboda cutar da ta ke yi wa mutane, Aljeriya ce ta ƙarshen dainawa a 2021. Fetur ɗin da aka gauraya da kananzir kuwa juriyarsa ƙasa ta ke yi ƙwarai, saboda haka mai faɗaɗɗen inji ya kula da inda ya ke shan mai.

To, mene ne magani? In ana so matsi ya koma 9, sai a raba 149 da 8, a sami 18.6. Watau ɗakin wuta yana bukatar ƙarin cc 3, bai ko cika cokalin shayi ba. Masu ƙera kaya na kirki su kan rarake bisan fistan kaɗan, ko su haɗo da nasu kan inji. Lambar matsin da aka buga a kwali kuwa gaskiya ce kawai in an haɗa kayan da irin kan injin da aka yi lissafin da shi. Makanikai su kan sa gaskit mai kauri, kuma a faɗin milimita 62 ƙarin kaurin milimita guda ya kan ba da cc 3 daidai. Dabara ce mai sauƙi, amma a ganina rarakakken fistan ya fi, gama in fistan ya yi nisa da kan inji fetur ba ya cakuɗuwa sosai. Wanda ya goge kan inji don ya lanƙwashe, shi kuma ya sani kishiyar haka ya yi. Milimita guda in ya tafi, matsi ya haura 12.

Hanyar da ta fi tabbas ita ce awo. A kawo fistan can ƙarshen sama, bawul duka biyu a rufe, a cire fulogi, a karkata inji har ramin fulogi ya zama shi ne a bisa. Sa'an nan a riƙa ɗura man inji da sirinji, ana ƙirgawa, har ya taɓo gindin ramin. Abin da ya ci shi ne girman ɗakin wuta. A tsiyaye man sarai kafin a ta da inji, a sake daidaita bawul, a kuma sa wa kafireto jet wanda ya ɗan fi na dā girma, domin babban inji in mai ya yi masa kaɗan zafi ya ke ƙarawa.