Yadda Kifaye Mafarauta Suke Raba Abinci

Murjanin da mata ke ado da shi aikin waɗansu ƙananan halittu ne na cikin teku. Danginsu su ne ke gina duwatsu a ƙarƙashin ruwa mai ɗumi, irin na Bahar Maliya, da na gabas da Ostireliya wanda tsawonsa ya kai wajen mil 1,400. A cikin waɗannan duwatsu akwai kifaye masu cin 'yan'uwansu iri iri. To, yaya suke zama wuri guda ba su kashe juna da yunwa ba?

A shekarar 1934 wani masani na Rasha, Gause, ya gwada da 'yan ƙwayoyin ruwa, ya nuna cewa idan halitta iri biyu suna neman abinci ɗaya a wuri ɗaya, lalle ɗaya za ta kori ɗaya. Ashe kuwa kifayen murjani sun tsira ne don ba hanya ɗaya suke bi ba.

Na farko, lokaci. Barakuda da ido yake farauta, saboda haka ya fi aiki da rana. Morai, wani dogon kifi mai kama da maciji, ya fi fita da dare, yana bin ƙanshi.

Na biyu, wuri. Shak mai baƙin fiffike yana son ruwa marar zurfi. Mai farin fiffike kuwa yakan cusa kansa cikin ramukan dutse, ya zaƙulo masu barci.

Na uku, girma. Ɗan gurufa, watau wani kifi mai faffaɗan baki, jatan lande ya fi ci yana ƙarami. Sai ya girma ya koma cin kifi, don haka ba ya ƙwace abincin manyansa.

Wani lokaci ma har taimakon juna suke yi. A shekarar 2006 Bshary da abokan aikinsa sun ba da labarin abin da suka gani a Bahar Maliya. Gurufa yakan je bakin ramin morai, ya riƙa girgiza kai, sai su fita tare. Kifin da ya ɓuya cikin rami morai ya bi shi, wanda ya fito fili gurufa ya haɗiye shi.

Amma wannan tsari yana iya lalacewa. A shekarar 1985 aka fara ganin kifin zaki a bakin tekun Fulorida ta Amurka, alhali asalinsa tekun Indiya ne da Fasifik. Ƙananan kifayen can ba su san shi ba, ba su gudunsa. Ya yaɗu cikin tekun Karibiyan, yana cinye abincin mafarautan wurin.

'Yan'uwa masu shirin koyarwa, ba sai da teku za a koyar da wannan ba. Ku tambayi yaranku: shaho da mujiya duk suna cin ɓera, me ya hana su faɗa?