Kafin Ka Ɗauki Yara Zuwa Baƙuwar Ƙasa

Ya mai karatu, idan kai mutumin Safo ne, ko na wani gari a ƙasar Madarunfa, ba sai an koya maka ci-rani ba. Da an gama girbi, an zuba hatsi a rumbu, samari sukan bi hanyar Ɗan Isa su shiga Jibiya, Katsina ko Kano. In damina ta kawo kai su komo gona. Wannan tsohon abu ne.

Maganarmu ta yau dabam ce. Muna magana a kan magidancin da ya ƙudura zai kwashe iyalinsa duka, da na goye da mai tatata, ya koma Aljeriya ko Libiya ko wata ƙasa mai nisa da zama. Ba mu ce kada ka tafi ba. Mun sani gonar gado ta ƙanƙance, masu ci kuwa sun yi yawa. Amma ga kuskuren da manya sukan yi: sukan auna tafiya da ƙarfin kansu. Kai ka auna ta da ƙarfin autanka, gama shi ba a yi shawara da shi ba, ɗaukarsa kurum za a yi.

Hanya

Bari mu fara da hanya. Mai zuwa Aljeriya sai ya kai Agadas tukuna. Daga can zuwa Arlit kimanin kilomita 240 ne, daga Arlit zuwa Asamaka a bakin iyaka kimanin 200, kafin Tamanrasset kuma da sauran kimanin 400. Yawancinta hamada ce, ba gari, ba inuwa.

A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Motocinsu ne suka lalace, ruwa ya ƙare. Ka dubi lissafin da kyau: yara 52, mata 33, maza 7. Yawancinsu daga ƙasar Kance suka fito, a jihar Damagaram, maƙwabtanmu ne, harshenmu ɗaya. Gwamnatin Nijar ta sa aka yi zaman makoki na kwana 3.

Me ya sa ƙishirwa takan fi yi wa yaro lahani? Jikinsa ƙarami ne, ruwan jikinsa yakan ƙare da sauri fiye da naka. Jariri kuma ba ya iya cewa yana jin ƙishi. In zawo ya kama shi a hanya, yini guda ya isa ya galabaita. Ke uwa, ki san alamun: idanu su faɗa, baki ya bushe, fitsari ya ragu, maɗiga ta loɓa. Ki riƙe ƙunshin gishiri da sukari na likita. In babu, ki haɗa ruwa mai tsabta lita 1 da sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali. Kada ki daina ba shi nono. Amma ki lura, wannan magani ma sai da ruwa. Inda ruwa ya ƙare, ba dabara.

Takardu

A 2015 Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure, a Nuwamba 2023 kuma aka soke ta. Kada wannan ya ruɗe ka. Soke dokar bai ba ka izinin zama a ƙasar wani ba. Tun Disamba 2014 Aljeriya take komo da 'yan Nijar marasa takardu cikin manyan motoci, a sauke su Asamaka. Mutum ya sayar da akuyoyinsa ya tafi, a komo da shi da rigar wuyansa kaɗai, ga yara suna kuka.

Saboda haka ka tambayi kanka: kowane yaro nawa yana da takardar haihuwa? Yaron da aka haifa a gida, ba a rubuta shi ba, in ya ƙetare iyaka ba abin da zai nuna ɗan wane ne shi, ko ɗan wace ƙasa. In cunkoso ya raba ku, da me za ka ce naka ne? Ka riƙe katin rigakafinsa kuma. Allurar ƙyanda a wata 9 ake yi, ƙyanda kuwa tana son wurin da aka tara yara da yawa a ɗaki guda.

Wa zai ci da wa?

Ga tambaya mai nauyi, ka amsa ta tsakaninka da zuciyarka. In kun isa, wa zai ci da gidan, kai ko yaran? A Maris 2022 gwamnati ta aika jiragen sama Dakar, babban birnin Senegal, aka kwaso 'yan Nijar fiye da 1,000 waɗanda suke bara a titi, da yawansu yara ne. Wani ma ba ɗansa ya ɗauka ba, na maƙwabci ya aro, da alkawarin zai aiko da kuɗi. Idan wani ya zo aron ɗanka don irin wannan tafiya, ka ƙi, ko ɗan'uwanka ne. Yaron da ya yi shekarun makaranta yana miƙa hannu a bakin titi, in ya komo Safo ba ya iya noma, ba ya iya karatu.

Makarantar ma ka yi tunaninta. A Aljeriya da Libiya da Larabci ake karatu, a Nijeriya da Turanci. Yaro yakan kama sabon harshe kafin iyayensa. Ku riƙa yi masa Hausa a gida, domin ran da ya ga kakarsa su iya gaisawa.

Ga shawararmu. Kai maigida ka fara tafiya kai kaɗai. Ka sami aikin da ka tabbata da shi, da ɗakin kwana, da takardar zama, sa'an nan ka aiko a kawo iyali ta hanyar da hukuma ta sani. Kafin ka tashi, ka zauna da wanda ya je ya komo hannu wofi, ka ji nasa labari, gama na mai sabon babur kowa ya riga ya ji. Gonarka kuma kada ka sayar don kuɗin mota. Ka bar ta a hannun ɗan'uwa a gaban shaidu, ya noma, ya ajiye maka rabonka.

Aikin wannan mako: ka fito da takardun yaranka ka ƙirga su. Wanda ba shi da takardar haihuwa, ka je ofishin magajin garin Safo ka tambayi yadda za a yi masa.